Bayan An Kwashe Kaya: Wa Ke Jinyar Zuciya A Matamaye?

Mutuwar aure a ƙasar Kance tana da tsari, kuma kowa ya san shi. Miji ya furta da baki, ko ya sa wani ɗan makaranta ya rubuta masa takarda, ko kuma, kamar yadda ake yi a yanzu, ya turo saƙon murya ta WhatsApp daga Legas ko Sabha. Mace ta ja mayafinta, ta saɓa goyonta, ta nufi gidan ubanta. In saki ɗaya ne, manya su shiga tsakani, a yi ta kai da komo ko Allah zai sa a mayar. In abin ya ƙi, bayan kwanaki ƴan uwanta mata su zo da amalanke, a kwance gado, a naɗe katifa da ledar ɗaki, a jera kwanonin samira da kuloli cikin buhu, ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya don kada a bar wa kishiya ko murfi. In gardama ta tashi kan sadaki ko kan yara, akwai mai gari, akwai fadar sarkin Kance, akwai malamai, akwai jastis a cikin Matamaye.

Duk abin da hannu ke iya ɗagawa yana da mai kula da shi. Wadda ba a tanadar wa komai ba ita ce matar da ke kwance a ɗakin uwarta tsakar dare ido biyu, tana maimaita maganar ƙarshe da aka gaya mata. Haka shi ma saurayin da ya dawo ci-rani da akwati, ya tarar an ɗaura auren yarinyar da ya shekara uku yana nema. Su ana ba su kalma guda, a maimaita musu ita safe da yamma: "Sai haƙuri." Daga nan zance ya ƙare.

Matamaye tana kudu maso yammacin Damagaram, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba in an ratse daga babbar hanya a Takeita. Ita ce hedkwatar gundumar Kance. Daga nan zuwa Ɗan Barto, a tsallaka Kongolam a shiga ƙasar Daura, ba wani nisa. Ƙasa ce ta gawo da gero da raken fadama, amma jama'a sun yi mata yawa, gonakin gado sun tsattsage har abin da magidanci ke nomawa ba ya kai shi wata damina. Shi ya sa da an ɗaure amfanin gona maza ke watsewa: Kano, Legas, Agadas, Libiya, da wuraren haƙar zinariya tun da aka gano ta Jado a 2014. Auren nan da yawa a waya ake riƙe da shi. Sa'ad da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da sa'ad da aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, da kuma faɗuwar naira da ta biyo baya, abin da ɗan ci-rani ke aikowa ya ƙanƙance. Mijin da ya kasa aike yakan fara da ƙin ɗaga waya saboda kunya, ya ƙare da sakin da bai taɓa niyya ba.

A ƙara da shekarun da ake shiga auren. Binciken lafiya da ƙidaya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram sun ɗara wannan adadi. Ba abin mamaki ba ne ka ga bazawara mai shekara 19 da ɗa a baya, wadda ƙawayenta na wasan dandali har yanzu wasu ba su tare ba. Nijar kuma ba ta da dokar iyali guda da ta haɗa kowa. An yi yunƙuri a shekarun 1990, an sake a 2011, duk ya watse saboda adawar ƙungiyoyin addini. Al'ada ce ke yanke hukunci a sha'anin aure da saki, har a gaban mai shari'a na gwamnati.

Sunan Kance ya shiga kunnen duniya a Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, 33 mata, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Da yawansu ƴan wannan yanki ne. Ba a ce zawarawa ne duka ba, kuma talauci ne babban abin da ya kore su. Sai dai duk wanda ya san ƙauyukan nan ya san cewa a cikin matan da ke kama hanyar Tamanrasat bara akwai waɗanda miji ya saki, da waɗanda ya tafi ya bari ba saki ba aike, da uwar da ke neman kuɗin kayan ɗakin ɗiyarta don kada a yi mata gori. Zaman gidan uba da hannu biyu, ana kallon kowace loma da ɗanki ya kai baki, yana iya sa hamada ta zama abin zaɓi.

Ciwon da ke zuwa likita da wani suna

Babu wadda ke zuwa wajen majo, wato ma'aikacin asibiti, ta ce baƙin ciki ya kawo ta. Abin da take faɗa shi ne kanta na sarawa, ƙirjinta ya yi nauyi, zuciyarta na bugawa, jikinta duk ya mutu, abinci ba ya shiga. Majo na da layin mata masu awo da yara masu zazzaɓi har bakin ƙofa. Ya soka mata allurar gwajin zazzaɓin cizon sauro a yatsa, ya ɗaura mata abin awon jini a dantse, ya rubuta farasitamol da maganin ƙarin jini. Bayan mako biyu ta dawo da kukan nan dai. Wata rana wata tsohuwa a layi za ta dube ta ta ce, "Ke yarinya, tunani ne ke cin ki." Tsohuwar ta riga majo gano ciwon, sai dai ba ta da abin yi da ganowar.

Ciwon jikin kuwa ba ƙarya ba ne. A 2011 Ethan Kross na Jami'ar Michigan a Amurka da abokan aikinsa sun sa mutum 40 da masoyansu suka rabu da su cikin wata shida da suka gabata a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Aka nuna wa kowa hoton wanda ya guje shi, aka kuma ɗora masa wani abu mai zafi a hannu. Wasu sassan ƙwaƙwalwa da suka motsa da zafin hannun, su ne suka motsa da ganin hoton. Wanda ya ce rabuwa ta yi masa ciwo, ba salon magana yake yi ba.

Tun kafin na'urori, wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili. Na farko, a ganinsa, magana ce maganinsa, daga wani mai hikima a waje da kuma tunanin da mutum zai koya wa kansa. Na biyu yana da alaƙa da jiki, yana bukatar likita. Likitocin yau ba su yi nisa da shi ba. Kuka da rashin barci da ƙin abinci a makonnin farko bayan rabuwa ba cuta ba ne, yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu in suna da jama'a. Abin da ake tsoro shi ne wanda ya zauna daram, kullum, sama da mako biyu, har mutum ya daina jin daɗin komai, ya kasa aiki, ya kasa kula da kansa ko ɗansa, ya fara ganin kansa ba shi da amfani.

Maganin da muka fi sani

Maganinmu na gargajiya ga mutuwar aure shi ne wani auren. Kafin idda ta cika an fara ƙirga manema, wata goggo na cewa, "Ki saki ranki, mijinki na nan tafe." Kano ma ta ɗauki wannan magani ta mai da shi aikin gwamnati. A Janairun 2009 Hisba ta hana zanga-zangar da Altine Abdullahi ta shirya wa zawarawa. A Mayun 2012 Hisbar nan ta ɗaura wa ma'aurata ɗari aure a tashin farko na auren zawarawa, da sadaki da kayan ɗaki da jari, kuma a Oktoban 2023 aka ɗaura na ma'aurata 1,800. Ba na raina wannan. Matar da ba ta da wurin kwana, gado da rufin ɗaki ba ƙaramin abu ba ne a gare ta. Amma aurar da wadda ba ta gama kukan auren farko ba kamar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba: tsumman na da kyau daga waje, ciki na ci. Ta shiga sabon gida da tsoro da zargi, ta kasa sakin jiki, a ce ba ta da haƙuri, a sake kiran amalanke.

Ga kuma tsadar da ba a faɗa. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara, namiji har ya balaga, mace har ta tare, amma in uwar ta auri bare sai haƙƙin ya fita hannunta. A al'ada ma ba a jiran wannan: da an yaye yaro, ko ya kai shekara bakwai, dangin uba su aiko a ɗauke shi. Mata da yawa da ake zaton kewar miji ce ke ramar da su, kewar ɗa ce, da tunanin wa ke ba shi fura a gidan da kishiya ke rabon abinci. Alƙur'ani ya hana a fitar da wadda aka saki daga ɗakinta kafin iddarta ta cika, ya kuma yi maganar kyautar sallama da miji zai ba ta gwargwadon ƙarfinsa don rage mata raɗaɗi. Duka biyun sun kusa ɓacewa a aikace. Masu wa'azin da ke iya shafe sa'a guda kan biyayyar mace, da wuya ka ji sun tsaya kan waɗannan.

Akwai wani labari cikin Bukhari da nake ganin ya kamata kowane mai cewa "sai haƙuri" ya sake saurara. Barira ta samu ƴanci, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu. Shi kuwa ya riƙa bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na bin gemunsa. Annabi (SAW) ya gani, ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugisu ke mata da irin ƙin da take masa, ya kuma je ya roƙe ta ko za ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta bukata. Ba a tilasta mata ba. Shi kuma ba a ce masa kukansa raunin imani ba ne, ba a ce masa ya ji kunya yana namiji.

Wannan ya kawo mu ga maza, waɗanda nasu ciwon ya fi ɓuya. Saurayin da aka yi wa ƙafa ba shi da ɗakin uwa da zai shiga ya yi kuka. Yana da fada, majalisar samari. A can ana dafa shayi, ana zuba masa na farko mai ɗaci, abokai na tsokana: "Kai dai ka cika rago, mata sun ƙare ne?" Ya yi dariyar yaƙe, ya koma gefe yana duba hotonta a waya, yana bin duk abin da ta ɗora a Facebook. Wani ya miƙo masa tramol don ya manta. Wani ya sayar da akwatin lefen ya hau motar Agadas ba sallama. Shi ma magidancin da ya yi saki uku cikin fushin minti biyar, ya wayi gari yana yawon neman malamin da zai ce masa ɗaya ne, yana cikin jinya, ko da yake shi ya jawo. Ba mai tambayarsa yadda ya kwana.

Me ake yi a ɗakin ba da shawara?

Mutane na zaton mai ba da shawara nasiha yake yi. Mafi yawan aikinsa saurare ne, da tambayar da ke sa mutum ya ƙara magana. Ba ya yanke hukuncin wa ke da laifi, ba ya cewa a koma ko kada a koma. Yana taimaka wa mutum ya warware damuwar da ta cukurkuɗe ta zama ƙulli ɗaya: wannan kewar yaro ce, wannan bashi ne, wannan gorin matar wa ne, wannan kuma tunanin "ni ce ban iya ba" ne da ke zuwa da dare. Sai a ɗauki guda, wadda ake iya taɓawa cikin makon nan, a tsara abin yi: wa zai raka ta ta roƙi ganin ɗanta ranar kasuwa, nawa take bukata ta koma suyar ƙosai ko awara. Mako mai zuwa a tambaya yaya aka yi. Yana kama da ƙaramin abu, amma wadda ta shafe wata biyu tana jin komai ya fi ƙarfinta, abu guda da ta yi da hannunta ya yi nasara yana sauya mata kwana.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƴan ƙalilan ne ga al'ummar da ta haura miliyan 25, akasarinsu kuma suna Yamai. In sai an jira su, Matamaye za ta daɗe tana jira. Wasu ƙasashen Afirka sun daina jiran. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya rasa wata majinyaciyarsa da ta kashe kanta saboda ba ta da kuɗin motar zuwa Harare ta gan shi. A 2006 ya fara horar da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare ta Harare, ya zaunar da su kan bencin katako a harabar asibiti, kowa ya zo ya faɗi damuwarsa a zama shida. Gwajin da aka buga a mujallar JAMA a 2016, da mutum 573, ya nuna bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. A Yuganda kuma, tun 2002 aka gwada zaman rukuni na mako 16 a ƙauyukan Masaka da Rakai, mutanen gari ne ke jagoranta, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyar da shi a zama takwas. Abubuwa huɗu yake dubawa: rashi, saɓani, sauyin rayuwa da kaɗaici. Bazawara sabuwa takan zo da duka huɗun a lokaci guda.

Ba sai an ƙirƙiro wurin zama a nan ba, akwai shi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 har duniya ta kwaikwaya, suna haɗuwa duk mako a kan tabarma, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo a tsakiya, ana kiran suna ana zubi. Makarantar mazaje, da asusun UNFPA ya fara a jihar Damagaram wajejen 2008, ta saba wa magidanta zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, abin da a da ake jin nauyin ambata. Akwai ma hujja daga cikin gida. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya bi matan Nijar da ke karɓar tallafin gwamnati na jika goma ta sefa a wata. An ƙara wa wasu jarin jika tamanin, wasu aka ba su horon mako guda kan yarda da kai, tsara buri da iya magana, tare da nuna wa ƴan gari fim a tattauna, wasu kuma aka haɗa musu biyun. Duka sun ci gaba a sana'a da kwanciyar hankali, amma in aka auna da abin da aka kashe, horon nan na zuciya ne ya fi biyan kuɗinsa. Ba kan zawarawa aka yi binciken ba, sai dai ya rushe zancen masu cewa talaka ba shi da lokacin irin wannan abu.

Inda gizo ke saƙar shi ne sirri. A gari irin Matamaye, balle ƙauyuka irin Dungu ko Tsauni, wadda za ta saurare ki tana iya zama ƙanwar uwar mijin da ya sake ki. Maganar da aka faɗa da hantsi kan iya kaiwa bakin rijiya kafin la'asar, kuma bazawarar da aka ce "ta taɓu" ta rasa manema. Tsofaffin Harare an koya musu riƙe baki kafin a koya musu komai, ana kuma bibiyar aikinsu. In za a yi a nan, dole a zaɓi mutum da wannan ma'auni, a kuma bar mace ta je wajen ta wata unguwa in ta fi so. Sunan abin ma kada ya haɗa da hauka ko taɓin hankali, in ba haka ba benci zai zauna ba kowa.

Sai malamai. Kafin a je wajen majo an riga an je wajensu, kuma bayanin da aka fi samu shi ne farraƙu aka yi, ko kishiya ta shiga tsakani, ko iska ce. Wannan bayani na da sauƙin haɗiya domin yana ɗauke laifi daga kan kowa na cikin ɗaki, amma yana ɗora shi kan wata da ke waje, ya haifar da gabar da za ta kai ga jikoki, ya kuma cinye ɗan kuɗin da aka sayar da akuya. Addu'a da rubutun sha ba sa hana a saurari mutum, kuma malamin da mace ta amince da shi ya fi kowa damar jin abin da ba ta gaya wa uwarta ba. Abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne: ya bar ta ta kai ƙarshen maganarta kafin ya buɗe littafi, ya kuma san lokacin da abin ya wuce allo.

Lokacin kuwa sananne ne. Wadda ta daina cin abinci kwana da kwanaki, ko ta daina shayar da jaririnta, ko take jin muryoyi, ko ta fara cewa "gara in huta" tana rabar da kayanta, ba ta bukatar ƙarin nasiha a ranar. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. A kawar da maganin ƙwari na gona da na ɓera daga ɗakin, kada a bar ta ta je rijiya ita kaɗai, a kai ta asibitin gundumar a Matamaye, in sun tura Damagaram a haɗa kuɗin mota a tafi. In aka ba da maganin damuwa, a sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, kuma ana ci gaba da sha na watanni bayan an ji sauƙi. Wani daga cikin gida ya riƙe ƙwayoyin yana ba ta kullum, ya kuma riƙe ranar komawa.